Tarihin Aikatau Biyu na Sifaniyanci, 'Ser' da 'Estar', da Amfanin da Ɗalibi Bahaushe Zai Samu Daga Gare Shi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna koyon harshen Sifaniyanci, tun a makonnin farko yakan ci karo da wata matsala wadda kan bi shi shekara da shekaru. Matsalar kuwa ita ce, harshen yana da aikatau guda biyu, watau 'ser' da 'estar', waɗanda ƙamus kan ba su fassara ɗaya, wato kasancewa. Inda Ingilishi da Faransanci ke amfani da aikatau ɗaya tak, mai magana da Sifaniyanci tilas ne ya zaɓi ɗaya daga cikin biyun nan, kuma zaɓin yakan juya ma'anar magana gaba ɗaya. Alal misali, idan aka ce da mutum 'eres aburrido', an gaya masa ke nan shi mai gundurar jama'a ne, wanda kuwa cin fuska ne. Idan kuma aka ce masa 'estás aburrido', an lura ne kawai cewa zaman ya ishe shi. Haka nan 'es listo' na nufin mai wayo ne, amma 'está listo' na nufin ya shirya.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce idan aka dubi matsayin harshen. Mutane wajen miliyan 500 ne suka tashi da Sifaniyanci a matsayin harshen uwa, shi ne harshen hukuma a ƙasashe 20, kuma yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ɗaya daga cikin ƙasashen nan 20 ita ce Ikwatoriyal Gini, maƙwabciyar Kamaru, wadda tsibirinta na Biyoko ke kusa da gaɓar tekun Nijeriya, wadda kuma ta sami mulkin kai daga Sifen a 1968.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun aikatau ɗin nan biyu tun daga tushensu, ta nuna yadda suka raba aiki a tsakaninsu, da yadda masu nahawu suka yi ta ƙoƙarin bayyana rabon. Daga nan kuma za ta nuna cewa Bahaushe yana riƙe da wani ma'auni a cikin harshensa wanda ya fi ƙa'idar da littattafan makaranta suka saba bayarwa kusa da gaskiyar al'amarin. Masu iya magana dai sun ce waiwaye adon tafiya.

2.0 Tushe: Aikatau Uku na Harshen Latin

Rundunar Rumawa ta fara sauka a ƙasar da ake kira Sifen a yau a shekara ta 218 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin yaƙinsu da mutanen Kartaj, ba su kuwa gama mallake ta ba sai a shekara ta 19 kafin haihuwarsa, zamanin Sarki Agustas. Latin ɗin da ya kafu a can shi ne na bakin sojoji da fatake da manoma, wanda ya sha bamban da na litattafai. Daga wannan Latin na kasuwa ne Sifaniyanci ya tsiro, tare da 'yan'uwansa irin su harshen Fotugal da Katalan da Faransanci da Italiyanci.

Latin yana da aikatau uku waɗanda suka shafi wannan bayani. Na farko shi ne 'esse', mai nufin kasancewa. Na biyu 'sedere', watau zama ko zaunawa. Na uku 'stare', watau tsayuwa. Abin da ake kira 'ser' a yau gamin gambiza ne na biyun farko. Siffofinsa na lokacin yanzu daga 'esse' suka fito: 'sum' ya zama 'so', 'est' ya zama 'es', 'sumus' ya zama 'somos', 'sunt' ya zama 'son'. Daga baya, tsakanin ƙarni na 14 da na 16, 'so' ya koma 'soy', kamar yadda 'estó' ya koma 'estoy'. Siffar mutum na biyu kuwa, watau 'eres', masana da yawa na ganin an aro ta ne daga 'eris' ta lokaci mai zuwa, domin da baƙin ƙarshe na 'est' ya zube, sai siffar "kai ne" da ta "shi ne" suka so su zama abu guda. Siffofin shuɗaɗɗen lokaci, 'era' da 'fui', su ma na 'esse' ne. Amma sunan aikatau ɗin kansa, da siffofi irin su 'sea' da 'siendo' da 'sido', daga 'sedere' suke. A tsohon Sifaniyanci ana rubuta shi 'seer', kuma a wancan zamani yana iya nufin zaunawa ta zahiri, yana kuma iya nufin kasancewa.

Wannan sauyi ba zai ba Bahaushe mamaki ba, domin a bakinsa ma kalmar "zama" tana ɗaukar ma'anonin nan biyu. Yakan ce baƙo ya sami wurin zama, yakan kuma ce wane ya zama sarki, ko kuwa abu ya zamanto haka.

Shi kuwa 'estar' daga 'stare' ya fito kai tsaye. Wasalin da ya ƙaru a goshinsa ya samu ne saboda harshen mutanen Sifen ba ya yarda kalma ta fara da 's' haɗe da wani baƙi. Shi ya sa 'schola' ta zama 'escuela', makaranta, 'scribere' ya zama 'escribir', rubutawa. Hausa ma tana ƙin irin wannan cunkoso na baƙaƙe, sai dai ita a tsakiya take cusa wasalinta, kamar a "sitiyari" da "sikeli" da "burodi".

Abin lura a nan shi ne, ba duk 'ya'yan Latin ne suka bi hanya ɗaya ba. Faransanci ya narkar da 'esse' da 'stare' cikin aikatau ɗaya, 'être', wanda siffarsa 'été' ragowar 'stare' ce. Italiyanci ya riƙe 'stare' a matsayin aikatau mai zaman kansa, amma bai sakar masa fili mai yawa ba. Harsunan yankin Sifen da Fotugal su ne suka bar shi ya yaɗu har ya zama kishiyar 'ser'.

3.0 Zamanin Andalus da Rubuce-rubucen Farko

A shekara ta 711 Ɗariƙu ɗan Ziyadu ya ƙetare mashigin teku daga arewacin Afirka, ya sauka a dutsen da har yau ke ɗauke da sunansa, Jabal Ɗariƙ, wanda Turawa suka mai da Jibiralta. Daga nan mulkin Musulmi ya kafu a Andalus, bai kuwa ƙare baki ɗaya ba sai da birnin Garnada ya faɗi a 1492. Wannan doguwar cuɗanya ta bar wa Sifaniyanci dubban kalmomin Larabci. Wasu daga cikinsu tushensu ɗaya da kalmomin da Hausa ta aro: 'alcalde', magajin gari, daga inda "alƙali" ya fito ya fito, haka 'azúcar' da "sukari".

Ganin haka, mai karatu zai iya zaton rabon aiki tsakanin 'ser' da 'estar' shi ma gadon Larabci ne. Hujjoji ba su goyi bayan wannan zato ba. Na farko, duk siffofin aikatau ɗin biyu na Latin ne. Na biyu, Larabci ba ya bukatar aikatau a jimlar mubtada'i da habari ta lokacin yanzu, sai in za a koma baya ne yake kawo 'kana', kuma ba shi da wasu aikatau biyu masu raba aiki irin wannan. Na uku, karin harshen da ya zama Sifaniyancin yau, watau na Kastila, ya taso ne a arewa, wajen birnin Burgos, inda mulkin Larabawa bai yi ƙarfi ba. Na huɗu, ana samun yaɗuwar 'stare' mai kama da wannan a karin harsunan kudancin Italiya, irin na birnin Nafoli. Larabci ya ba Sifaniyanci kalmomi jingim, amma wannan ɓangare na nahawu daga cikin gida ya tsiro.

Shaidar farko ta harshen gari a rubuce ita ce 'yan bayanan da wani ɗan zuhudu ya yi a gefen wani littafin Latin a gidan ibada na San Millán de la Cogolla, wajen ƙarshen ƙarni na 10 ko farkon na 11. Bayansu sai doguwar waƙar jarumta mai suna 'Cantar de mio Cid', wadda aka tsara wajen shekara ta 1200. Sa'an nan Sarki Alfonso na 10, wanda ake yi wa laƙabi da Masani, ya yi mulki daga 1252 zuwa 1284, ya sa aka riƙa rubuta dokoki da tarihi da ilmin taurari cikin harshen Kastila. Tun yana yarima, a 1251, ya sa aka fassara littafin Kalila wa Dimna daga Larabci. Waɗannan rubuce-rubuce su ne madubin da masana ke duba halin 'ser' da 'estar' a farkon al'amari.

4.0 Yadda 'Estar' Ya Ci Ƙasa

Abin da madubin ya nuna shi ne, a ƙarni na 12 da na 13 'ser' ne ke riƙe da kusan dukkan fili. Da shi ake faɗin ko wane ne mutum, da shi ake siffanta shi, da shi ake faɗin halin da yake ciki, sau da yawa ma da shi ake faɗin inda yake. Har ila yau, da shi ake gina shuɗaɗɗen lokaci na aikatau irin su zuwa da fita da mutuwa, kamar yadda Faransanci da Italiyanci ke yi har gobe.

A gefensa kuwa akwai wasu aikatau na yanayin jiki waɗanda ke neman gindin zama. Ban da 'estar' na tsayuwa, akwai 'yacer' na kwanciya, da 'fincar' na kafewa ko wanzuwa a wuri. Kowannensu ana iya amfani da shi a faɗi inda mutum yake. A cikin wannan gasa 'estar' ne ya yi nasara. 'Yacer' ya ja baya, har ya zamanto yau ba a cika ganinsa ba sai a rubutun kan kabari da maganar adabi. 'Fincar' ya bar wa 'quedar' aikinsa a Sifaniyanci, amma ɗan'uwansa 'ficar' yana nan da ransa a harshen Fotugal.

'Estar' bai ci ƙasar nan a rana ɗaya ba. Ya fara ne da faɗin wuri, domin mai tsayuwa a wani wuri yake tsaye. Tun da wuri kuma aka riƙa haɗa shi da siffar aiki mai gudana, don a nuna mutum yana tsakiyar yin abu. Daga nan ya shiga fagen halin da wani aiki ya bari a baya, kamar ƙofar da aka buɗe ta wanzu a buɗe. A ƙarshe, sannu a hankali, ya kai ga sifofi irin su rashin lafiya da farin ciki da baƙin ciki. Kafin ƙarshen ƙarni na 17 rabon ya yi kusa da yadda yake a yau, shi kuma 'ser' ya riga ya sallama wa 'haber' aikin gina shuɗaɗɗen lokaci.

Abubuwa biyu sun cancanci a riƙe su daga wannan tarihi. Na farko, da 'estar' ya yaɗu sai ya rasa ma'anarsa ta asali, har ya zama in ana son a ce mutum yana tsaye sai an ƙara masa wata kalma, a ce 'está de pie', watau yana kan ƙafa. Na biyu, akwai wani lungu na faɗin wuri da bai shiga ba, shi ne wurin da wani sha'ani ke aukuwa. Mutum ko gida ko gari, 'estar' ne ke faɗin inda suke, amma biki ko taro ko jarrabawa, 'ser' ne ke faɗin inda ake yin su.

5.0 Masu Nahawu da Ƙa'idar Dawwama

A shekarar da Garnada ta faɗi, watau 1492, Antonio de Nebrija ya buga nahawun harshen Kastila a birnin Salamanka, ya sadaukar da shi ga Sarauniya Isabel. Shi ne nahawu na farko da aka buga na wani harshe daga cikin 'ya'yan Latin. Amma ɗan ƙasa bai bukaci a koya masa inda zai sa 'ser' da inda zai sa 'estar' ba, domin ya sha su a nono. Baƙi ne suka bukaci bayani. A ƙarni na 16, zamanin da sarakunan Sifen ke mulkin ƙasar Holan da Beljiyam da wasu sassa na Italiya, fatake da fadawa na Turai suka shiga neman harshen. Aka buga littattafan koyarwa a birnin Luben a 1555 da 1559, Giovanni Miranda ya buga nasa don Italiyawa a 1566, César Oudin kuma ya buga nasa don Faransawa a 1597. A irin waɗannan littattafai na baƙi ne aka fara ware fili don bambance aikatau ɗin biyu.

Da masu nahawu suka tashi neman ƙa'ida, sai suka ɗauko ta daga ilmin manɗiƙi na Aristotil, wanda ya raba tsakanin zatin abu da abin da ke bijiro masa ya wuce. Aka ce 'ser' na abin da ke dawwama ne, 'estar' kuwa na abin da ke gushewa. Wannan ra'ayi ya bayyana a nahawun Andrés Bello, mutumin Benezuwela, wanda aka buga a ƙasar Cile a 1847, ya kuma daɗe a nahawun Hukumar Harshe ta Sifen, wadda aka kafa a 1713. Daga can ya kwarara cikin littattafan makaranta na duniya.

Ƙa'idar tana da sauƙin hardacewa, amma ba ta jure gwaji. Babu abin da ya kai mutuwa dawwama, duk da haka 'está muerto' ake cewa. Babu abin da ya kai ƙuruciya saurin wucewa, duk da haka 'es joven' ake cewa. Birnin Madrid bai taɓa gusawa daga inda yake ba, amma 'Madrid está en España' ake cewa. Ɗalibin da ya riƙe ƙa'idar da gaske zai yi kuskure a duk jimlolin nan uku.

Saboda haka masanan ƙarni na 20 suka nemi wata hanya. Federico Hanssen, a 1913, ya danganta bambancin da ko ana kallon abu a matsayin wanda ya kai wata iyaka ko kuwa a'a. Samuel Gili Gaya, a 1943, ya nuna cewa ana kawo 'estar' ne idan mai magana ya ɗauki halin a matsayin sakamakon wani sauyi, wanda ya auku ko wanda aka ƙaddara aukuwarsa. Da wannan aka warware zancen mutuwa, domin mamaci da can rayayye ne. Johan Falk, a 1979, ya ƙara da cewa 'ser' yana gwada abu da sauran jinsinsa, 'estar' kuwa yana gwada abu da kansa a wani lokaci. Idan aka ce 'el niño es alto', an gwada yaron da tsaransa. Idan aka ce 'el niño está alto', an gwada shi da yadda aka san shi a da.

6.0 Matakan da Mai Koyo Ke Bi

A 1985 da 1987 Bill VanPatten ya binciki maganar ɗaliban da harshensu na farko Ingilishi ne, ya gano cewa suna bin matakai biyar, ko da wane tsari littafinsu ya bi. Da farko sukan bar jimla ba aikatau sam. Sa'an nan su kama 'ser' su riƙa sa shi ko'ina. A mataki na uku 'estar' ya ɓullo tare da aiki mai gudana, a na huɗu ya shiga faɗin wuri, a na biyar kuma ya kai ga sifofin hali. Wani bincike da Ryan da Lafford suka buga a 1992, a kan ɗaliban da suka je zama a Garnada, ya sami ɗan saɓani wajen jerin matakai biyun ƙarshe, amma ya tabbatar da cewa 'ser' ne ke riga zuwa, 'estar' kuma ya biyo baya a hankali.

Mai karatu zai lura cewa wannan tafiya ta ɗalibi ta yi kama da tafiyar harshen kansa. Abin da Sifaniyanci ya yi cikin ƙarnuka, watau farawa da 'ser' a ko'ina sa'an nan a riƙa sakar wa 'estar' fili kaɗan kaɗan, shi ɗalibi ke maimaitawa cikin 'yan shekaru. Darasin da ke nan ga malami shi ne, aikin da ke gaban ɗalibi koyon wuraren 'estar' ne, tun da 'ser' yakan zo masa da kansa.

Bugu da ƙari, tafiyar harshen ba ta tsaya ba. Carmen Silva-Corvalán, a 1986, ta nuna cewa 'yan asalin Meksiko mazauna birnin Los Anjalis na Amurka suna sa 'estar' wajen faɗin girman abu ko shekarun mutum, inda tsohuwar ƙa'ida ke neman 'ser'. Manuel Gutiérrez kuma ya sami irin wannan a birnin Morelia na Meksiko, a bakin mutanen da ba sa jin Ingilishi. Ashe ke nan cuɗanya da Ingilishi hanzarta sauyin kawai ta yi, asalinsa kuwa tsohuwar tafiyar nan ce da aka faro tun ƙarni na 12.

7.0 Ma'aunin da ke Hannun Bahaushe

Bahaushen da ya tashi koyon Sifaniyanci yakan same shi ne ta hanyar littafin da aka rubuta da Ingilishi ko Faransanci, watau harsunan da suka haɗe abin da Sifaniyanci ya raba. Sai ya ɗauki matsalar Bature ya ɗora wa kansa, alhali kuwa harshensa ya riga ya yi irin wannan rabo. Hausa tana da dirka, watau "ne" da "ce", tana kuma da siffofin lokaci mai ci, watau "yana" da "tana" da takwarorinsu "yake" da "take". Ga yadda dirka ke tafiya da 'ser':

'Es maestro.' Malami ne.
'Es de Zinder.' Ɗan Damagaram ne.
'Es de cuero.' Na fata ne.
'Es de Binta.' Na Binta ne.
'Son las tres.' Ƙarfe uku ne.

Ga kuma yadda lokaci mai ci ke tafiya da 'estar', a fagagen nan uku da tarihi ya nuna ya ci:

'Está comiendo.' Yana cin abinci.
'Está en el mercado.' Yana kasuwa.
'Está sentado.' Yana zaune.
'La puerta está abierta.' Ƙofar a buɗe take.
'Está cansado.' A gajiye yake.

Wannan ma'auni yana warware jimlolin nan uku da suka kayar da ƙa'idar dawwama. Bahaushe yakan ce a mace yake, yakan ce matashi ne, yakan ce Madrid a Sifen take, kuma a kowacce zaɓinsa ya dace da na Basifaniye. Har ma lungun nan na wurin sha'ani bai kuɓuce masa ba, domin yakan ce liman yana masallaci, 'el imán está en la mezquita', amma ya ce ɗaurin auren a masallaci ne, 'la boda es en la mezquita'. Bambancin da Falk ya bayyana shi ma yana nan: yaron dogo ne, ga 'es alto'; yaron ya yi tsawo, ga 'está alto'. Wannan na nuna cewa inda Bahaushe ya kawo shuɗaɗɗen lokaci don ya nuna halin da aka shiga, kamar ya gaji, ya shirya, ya ƙoshi, galibi 'estar' ne ke wurin.

Sai dai kuma ma'aunin yana da iyaka, kuma wajibi ne a san ta. Na farko, "yana da" ba ya cikin lissafin. Idan mallaka yake nufi, 'tener' ne abokinsa. Idan kuma sifa yake nufi, kamar rigar tana da tsada, to 'ser' ne, a ce 'la camisa es cara', ita kuwa 'está cara' tana daidai da rigar ta yi tsada. Na biyu, jin yunwa da ƙishirwa da tsoro, duk da "yana" da ke gabansu, da 'tener' ake faɗinsu, kamar 'tiene hambre'. Na uku, "akwai" tana da nata aikatau dabam, watau 'hay'. Na huɗu, wani lokaci Hausa takan kawo dirka inda Sifaniyanci ke kawo 'estar', kamar mangwaron ɗanye ne, 'el mango está verde'. Maganin wannan shi ne ɗalibi ya juya jimlar ya ga ko za ta karɓi "bai nuna ba tukuna". In ta karɓa, hali ne da ake jiran sauyinsa, 'estar' ne kuma gwaninsa. Na biyar, dirka jinsi da adadi kawai take bi, amma 'ser' yana sauya siffa bisa ga mutum da lokaci, don haka babu makawa sai an hardace siffofinsa.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa 'ser' da 'estar' gadon aikatau uku ne na Latin, na kasancewa da na zama da na tsayuwa. Biyun farko sun narke sun zama 'ser', na ukun kuma ya taso daga faɗin wuri ya bazu zuwa aiki mai gudana da halin da abu ke ciki, yana kuwa ci gaba da bazuwa a wasu sassan Amurka. Ƙa'idar dawwama da gushewa ta zo ne daga baya, daga manɗiƙi aka aro ta, shi ya sa take gazawa a jimloli na yau da kullum. Abin da ya fi dacewa da tarihin shi ne a ce 'ser' yana faɗin mene ne abu, 'estar' kuma yana faɗin inda yake da yadda aka same shi.

Wannan rabo kuwa sananne ne a kunnen Bahaushe, tun da shi ne tsakanin "ne" da "yana". Saboda haka ya kamata masu koyar da Sifaniyanci ga Hausawa, da masu niyyar rubuta musu littattafai ko ƙamus, su fara da jera jimlolin harsunan biyu kafaɗa da kafaɗa, su nuna inda suka dace da wurare biyar ɗin nan da suka saɓa, kafin su waiwayi bayanin da aka tsara don masu jin Ingilishi ko Faransanci. Yin haka zai rage wa ɗalibi wahala, zai kuma buɗe wa masu nazarin Hausa wani fage na kwatanta nahawunta da na harsunan da ba a saba gwada ta da su ba.